Shekarar da Aka Sa Mini Suna Mai-ƙirga

Salamatu, ke kika jawo wannan babin. Ranar da kika dawo daga bikin nan na unguwar Alabar kin tsaya a bakin ƙofa, ko mayafi ba ki cire ba, kika ce wata tsohuwa ta kama hannunki ta ce, "Au, ke ce 'yar Mai-ƙirga?" sauran matan kuma suka yi tsit. Kika tambaye ni me na ƙirga. Na ce ki je ki sauke tukunya. Ba kunyar amsar nake ji ba, amsar ce ba ta tsayuwar bakin ƙofa ba. To ga ta nan, ke da ƙannenki. Ku karanta ku fahimta, kada wani ya sake tare ni da zancen.

Kun san sunana na yanka Hauwa'u, amma a Alabar, cikin Zango, wato unguwar Hausawa a Kumasi, Ajuji ake kirana. Mahaifiyata Salamatu, wadda muke ce wa Mma, ta haifi biyar kafin ni, ba wanda ya kai yaye. Irin wannan haihuwar ake kira wabi. Da na zo, ungozoma ta kai ni kan juji ta ajiye, wata maƙwabciya ta je ta tsinto ni, wai don mutuwa ta ɗauka ba a so na, ta wuce. Mma ta bi dokar nan sau da ƙafa. Ba ta yi mini wasa a gaban mutane, ba ta yaba ni, ba ta taɓa kirana da sunan kirki ba, kada a ji a sama cewa tana so na. Jujin nan kuma shi ya kai ni makarantar Nasara, a zamanin da 'yar Zango ba ta zuwa. Da aka yi wa Baba surutu sai ya ce wadda aka riga aka yar, me Nasara zai ɓata mata? Baba mai kula da dawakin wani ɗan Siriya ne a Race Course, lokacin da wurin yake filin sukuwa na gaske, ba tashar motocin da kuka sani yanzu ba. Ya rasu ina makarantar kwana a bakin teku. Mma ta koma gidan wanta, Kawu Ɗanjuma mai fataucin goro, can na same ta da na gama sakandare na dawo da akwatina.

Na dawo ne ban san inda zan sa kaina ba. A makaranta ni ce 'yar Zango, wadda ake tambaya ko da gaske muna kwana da shanu. A Zango kuma na zama Awura, wato uwargida 'yar gayu da yaren Asante, kuma ba don girmamawa ake faɗa ba. Sa'o'ina duk da goyo a baya. In na zauna cikinsu sai zance ya mutu, in na buɗe baki sai in ɓata, don ni ban iya kewaye-kewaye ba, har yau ban iya ba. Ga Mma kwance a ɗakin ƙarshe, kusa da rumbun itace, da kofinta daban da kwanonta daban. Tari take yi tun kafin in dawo, ana ta ba ta jiƙo. Sati bai cika ba na sa ta a mota sai babban asibiti. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinta a haske, ya yi mini magana da Turanci ta saman kanta, ya ce huhun duka biyu sun ci, allura za ta ja mata kwana ne kawai. Kawu kaɗai na gaya wa. Ina da gurbi a kwalejin horon malamai, na rubuta musu cewa ba bana ba. Na shimfiɗa tabarmata a ɗakin tari, daga ranar kuwa ba wanda ya sake sa hannu a kwano ɗaya da ni.

Lokacin da ya fi mini nauyi shi ne tsakanin magariba da lisha. Mma ta sha kokonta ta ɗan runtsa. Tsakar gida ta cika, matan haya da yaransu ƙungiya-ƙungiya a kan kwanuka, ana dariya, ana faɗa a kan tsokar nama, ni kuwa ina bakin ƙofa da kwanona a cinya kamar baƙuwar da ta ɓata hanya. A irin wannan lokacin ne, ina neman zanen da zan canja wa Mma, na tarar da wani abu a ƙasan kwallarta, naɗe cikin tsohon rawanin Baba. Madubin hangen nesa ne mai ido biyu, baƙi, mai nauyi, jakarsa tana warin fata da doki. Ɗan Siriyan ne ya bar wa Baba da ya sayar da dawakinsa. A rabon gado Kawu ya ce ba a sa kayan 'yan caca cikin gado, shi ya sa ya kwana a kwalla. Bayan ɗakinmu akwai wani ɗan lungu tsakanin katanga da shagon goro, inda ake jefa fasasshen turmi da tsofaffin kwanduna. Na shiga can, na ɗaga abin sama, don a ƙasa ba wanda nake son gani kusa.

Ban ga komai ba sai baƙi. Da na lalubo wata sai na ga biyu, suna tsalle kamar an ɗaure su a wutsiyar akuya. Saura kaɗan in buga shi da katanga. Ba mai nuna mini, da faɗa na koyi komai. Na gane ana lanƙwasa shi a tsakiya har da'ira biyun su haɗe su zama ɗaya. Na gane akwai ɗan abin murzawa a tsakiya mai kawo hoto ya fito tas. Duk da haka idona na dama yana ganin dishi-dishi, har na fara zargin idon nawa. Sai daga baya na lura bakin dama yana juyawa shi kaɗai, kuma an bar shi a juye sosai. A kan idon Baba aka bar shi. Ashe idonsa na dama mai rauni ne, ni 'yarsa ban taɓa sani ba sai da ya mutu. Na daɗe a tsaye a lungun nan da yatsana a kai kafin na iya juyawa.

Rawar hannu kuwa gwiwar hannu ce maganinta. In na dafa katanga da gwiwoyin hannuna, na riƙe numfashi, sai wata ya tsaya cak. Abin da ya yi sama sosai, sai in kwanta a buhun goro in tada kai da turmin. Na koyi barin fitila a ɗaki in zauna cikin duhu tukuna, ido ya saba, sai ƙananan taurari su yi ta fitowa kamar ana yayyafa su. Na ɗauka cikakken wata ya fi kyan kallo, ashe ƙarya ne, kashe ido kawai yake yi, fari fat kamar faranti. Rabin wata shi ne abin kallo. Daidai inda haske ya yi iyaka da duhu sai ka ga ramuka jere da inuwarsu, sak tandar masa. Na je laburaren gari na aro littafin taurari, ya kusa haukata ni. Ya ce mai koyo ya fara da tauraruwar arewa, ya ɗaga kai sosai zai gan ta. Na ɗaga kai har wuyana ya ƙage. Sai da na ɓata makonni kafin na gane littafin don samaniyar Ingila aka rubuta shi. A Kumasi tauraruwar nan tana can ƙasa-ƙasa, bayan kwanon rufin mutane da hayaƙin masu tuya. Na mayar musu da littafinsu. Sannan ga damina, wadda a garin nan sau biyu take zuwa. Sai in yi kwana da kwanaki ina zagin gajimare. Danshi ya fara sa wa gilashin fumfuna, na soya shinkafa ba mai, na zuba a gwangwanin biskit, nan ya zama gidansa.

Wata rana na shigo ɗaki na tarar Mma ido biyu.

"Ina kike zuwa kullum?"

"Kallon wata."

"Ya amsa gaisuwar?"

Na tsaya ina dubanta. Ban taɓa sanin Mma tana da ba'a ba. Na zauna na gaya mata zancen tandar masa, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Daga ranar, in na shigo sai ta ce, "To, me aka kawo kasuwar sama yau?" Ni kuma in zazzage mata. Ita ta gaya mini mai hasken nan ta yamma Zara ce, matar wata, ta asuba kuma Gamzaki, sunayen da Baba yake faɗa mata in ya dawo daga barga. Ni na gaya mata akwai wata babba da ba ta ƙyaftawa, da 'yan ɗigo-ɗigo jere a gefenta, yau suna dama gobe sun koma hagu. Ta sa musu suna 'yan rakiyar amarya. Ku fahimci wannan da kyau, don shi ne gindin maganar. Ni da uwata ba mu da wata hira a duniya. Tun ina ƙarama aka kai ni makaranta, ita kuma ta yi shekaru tana ɓoye wa mutuwa cewa ta damu da ni. Ba mu san yadda ake zama da juna ba. Samaniya ce ta ba mu abin cewa.

Matar Kawu, Maame Adiza, 'yar Asante ce da ta musulunta ta aure shi tun suna matasa. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne. Kada ku ɗauke ta muguwa. Ita take dama wa Mma koko da hannunta, ita kaɗai ce a matan gidan take shiga ɗakin ta zauna a bakin gado. Wata magariba ta zo lungu neman kwando ta same ni a kwance a kan buhu, yatsana a sama, bakina yana motsi. Halin makaranta ne, komai na gani sai na lissafa.

"Ajuji! Me kana yi?"

"Kallo nake, Maame."

"Kallo da yatsa? Kana ƙirga! Innalillahi. Uwarka yana kwance, kai kana ƙirga taurari?"

"To sai me?"

"Ba a ƙirga! Ɗa ba a ƙirga, tauraro ba a ƙirga. Kowa da nasa a sama. In ka ƙirga ka kai kan na uwarka, shi ke nan, ka cire shi."

"Maame, ƙwayar cuta ce a huhun Mma. Na ga hoton da idona. Tauraro bai san da zamanta ba."

"Saa? Haka ne? To me ya sa tun da ka fara wannan abu jini ya fito a tarinsa?"

A watan ne kuwa jinin ya fara. Na ce mata likita ya riga ya faɗa za a yi haka. Na ƙara da cewa jahilci ma cuta ne, kuma shi ba a yi masa allura. Ta dube ni, ta ɗauki kwandonta ta fita. Kafin Juma'a gidan duka ya ji, kafin wata Juma'ar unguwa ta ji. In na fito ɗibar ruwa a famfo sai mata su janye yaransu, su rufe kan na goye da gefen zane, kada in ƙirga. Jaririn wata 'yar haya ya yi zazzaɓi, aka ce an ga na dube shi. Mai kokon bakin titi ta fara zuba mini ba ta karɓar kuɗi daga hannuna, sai dai in ajiye a kan tebur. A nan sunan ya fito.

Kawu ya kira ni zaure bayan la'asar. Yana zaune cikin ganyen goro, yana ware na kirki da masu tsutsa, bai ɗago ba.

"Ajuji, kawo madubin nan."

"Kawu, kai ma ka yarda da wannan? Kai da ka yi karatu?"

"Ban yarda ba. Babu shi a littafi ko ɗaya, camfi ne. Amma gida ba da littafi kaɗai ake riƙe shi ba. Ɗaki uku sun ce za su tashi. Matata ba ta barci. Ko madubin ya shiga akwatina, ko ke ki koma wurin dangin ubanki a Moshi Zango, Adiza ta yi jinyar ƙanwata. Zaɓi."

Ba wani zaɓi a ciki. Na je na ɗauko gwangwanin na dangwarar a gabansa, har goro ya watse. Da magariba na zauna a ɗaki. Mma ta farka ta ce me aka kawo kasuwa. Na ce Kawu ya karɓe, na gaya mata dalili, don ni ban iya ƙarya ba ko ga majinyaci. Ta juya fuskarta bango.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwata, har da shekarar da ubanku ya rasu. Ɗaki ɗaya, mutum biyu, ba magana sai "ki sha", "ki tashi in gyara", "sannu". Na gwada karanta mata jarida, ta yi barci. Na gwada fita lungun da ido kawai in dawo da labari, aka gan ni, aka kai wa Kawu, na daina. Ina jin dariyar tsakar gida ta bango, ina jin numfashinta yana ƙara kamar ana jan zarto. Kuma ba ta samu sauƙi ba, kullum ƙara zubewa take. Na ce wa Maame ga madubi a kulle, ina sauƙin? Ta ce ai an riga an ƙirga. Da ta faɗi haka hawaye ne a idonta, shi ya hana ni ba ta amsar da ta zo bakina.

Da ruwan baya ya ɗauke, wata magariba Mma ta yi magana fuskarta a bango.

"Kaza ta fito?"

Kaza da 'ya'yanta take nufi, 'yan taurarin nan da suke cure wuri ɗaya. Baba yakan ce in sun fito gabas da magariba, ruwa ya yi sallama. Na ce ban sani ba, na daɗe ban ɗaga kai ba.

"Ina so in gan ta a madubin ubanki. Na gaji da ji a bakinki. Da idona nake so."

"Mma, in na ɗauko shi kika mutu, kin san abin da za a ce."

"Ki ɗauko ko ki bari, tafiya zan yi. Ke ce za ki zauna da su bayana. Ki duba abin da za ki iya ɗauka. In kin bari ba zan riƙe ki ba."

Ban yi dogon tunani ba, ban taɓa iya shi ba. Amma kada ku ce ban san abin da nake yi ba. Na sani sarai. Alabar ce kaɗai inda nake da dangi na jini da suka san ni, ko da ba sa cin abinci da ni. Na sami Kawu yana alwala, na tsaya a kansa na ce Mma ce ta aiko, da bakinta. Ya gama wanke ƙafarsa a hankali, ya zaro mabuɗi daga aljihu.

"Ƙanwata ce tun kafin ta zama uwarki," in ji shi. "Ba zan kore ki tana numfashi ba. Bayan nan kuwa, ba ni da iko da bakin mata. Kin ji?"

"Na ji."

Daga lungu ba a ganin gabas, shagon goro ya tare. Wuri ɗaya ne a gidan da Kaza take leƙowa ta saman rufi, tsakiyar tsakar gida, kuma a daidai lokacin da kowa yake waje yana cin tuwo. Na rataya madubin a wuya, na durƙusa a bakin gado, na goya Mma da zanenta kamar jaririya. Tulun da nake ɗauka daga famfo ya fi ta nauyi. Da muka fito, surutu ya ɗauke ɗif. Sai ƙarar kwanuka, kowace ta tattara nata, ta ja yaranta, ƙofofi suna rufuwa ɗaya bayan ɗaya. Maame kaɗai ta rage a ƙofar madafa, hannu a baki.

"Salamatu, don Allah kar ka yi. Don Annabi."

"Adiza," in ji Mma ta kafaɗata, "miƙo mini tabarma, ƙasa da sanyi."

Ta kawo tabarmar, ta shimfiɗa da hannunta, har ta gyara gefen da ya naɗe. Sannan ta shige ɗaki tana kuka ta ja ƙofa. Na zauna na sa Mma a gabana, bayanta a ƙirjina, gwiwoyin hannunta a kan gwiwoyina, hannuwana a kan nata, don ba za ta iya riƙe nauyinsa ba. Na ce ta fara nemo Kaza da ido tukuna, in ta samu kada ta kawar da ido, ni zan kawo madubin ya same ta. Ta ce duhu take gani. Na gyara. Ta ce kamar hayaƙi. Na murza na tsakiya a hankali har ta ce hagu ya yi. Na rufe mata hagun da tafina, na juya bakin dama kaɗan-kaɗan, sai na ji bayanta ya sandare a ƙirjina.

Ta daɗe tana kallo. Ko tari ba ta yi ba.

"Da ido nawa ake gani?"

"Shida, Mma. Mai kaifin ido ya ga bakwai."

"To waɗannan ƙananan fa, da suka cika bayanta?"

"Kullum suna nan. Ido ne ba ya kaiwa."

"Ashe ba ta zubar da su ba."

Na buɗe baki zan gaya mata abin da littafi ya ce, cewa ba kaza ba ce, ba 'ya'ya ba ne, ranaku ne masu nisa. Karo na farko a rayuwata na kama bakina. Sai na ji yatsanta yana motsi a ƙarƙashin nawa, yana taɓa jikin madubin ɗaya-ɗaya, ta fara magana da murya sama, muryar da ban san ta rage mata ba.

"Musa, ɗaya. Rabi, biyu. Iliyasu, uku. Wanda bai kai suna ba, huɗu. Zainabu, biyar."

Ban taɓa jin sunayensu ba. A gidanmu ba a faɗa, ba a ma ce su nawa ne sai a bayan idonta. Ta sauke madubin, ta jingina kanta a kafaɗata, ta kama yatsana ta matse.

"Hauwa'u, shida."

Wannan shi ne ƙirgan da matan suka ji ta bayan ƙofofinsu. Ba ni na yi shi ba, kuma ba taurari aka ƙirga ba. Mace ce ta ƙirga 'ya'yanta sau ɗaya kafin ta tafi, don ba ta da sauran abin da za ta ɓoye wa mutuwa. Kuma shi ne karo ɗaya tak da na ji sunana a bakinta.

Ba ta ga tsayuwar wani watan ba. Da aka zo wanka, matan suka ce in tsaya a waje, na tsaya. Ranar sadakar uku na yi tuyar masa da hannuna, aka bar ta a faifai har ƙudaje suka gaji. Kawu bai kore ni ba, bai kuma ce in zauna ba. Bayan arba'in na ɗaure akwatina na tafi kwalejin, shi kaɗai ya raka ni tasha, ya sa mini goro a jaka ko da ya san ba na ci. Ban sake kwana a Alabar ba. Da zan auri ubanku Maame ta aiko da jeren tukwane masu kyau, amma ba ta zo ba, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa ɗaukar ɗayanku ba, ba ta bari jikokinta sun zo gidana ba. Ta mutu tana ganin ni na kashe mata ƙawa. Ban riƙe ta ba, tsoronta na gaskiya ne, son da take wa Mma ma na gaskiya ne. Abin da ya ci mini rai shi ne ku. Kun tashi ba ku da gidan kawu da za ku je yawon Sallah, kuna tambayata me ya sa kowa yake da dangin uwa ban da ku. Ga dalilin. Da za a mayar da ni bakin gadon nan a sake tambayata, goyon zan sake yi.

Madubin da kuka saba gani a hannuna wani ne, na saya da na fara aiki. Na Baba yana saman kabad a cikin gwangwaninsa, ina canja masa shinkafa duk damina. Wanda ya gaje shi a cikinku, in ya duba zai ga dama tana dishi-dishi. Ba lalacewa ya yi ba, a kan idon Mma yake tun daren nan. Kada a juya.

Ke kuma Salamatu, mai sunanta, in tsohuwar nan ta sake kama hannunki ta tambaya ko ke ce 'yar Mai-ƙirga, ki ce jikarta ce.